Yadda Na Ɗora wa Bindiga Laifin Idona

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne da ya ɗan haura arba'in, haifaffen Bromakoté a Adjamé, iyayena mutanen Adar ne da fatauci ya kawo Abidjan tun ban zo duniya ba. Sana'ata nama, ina da rumfa a Treichville, ina kai wa gidajen abinci naman sa. Mutum ne ni mai ƙiba, mai dariya, mai gardamar tsiya, wanda bai taɓa kwanciya asibiti ba, kuma yake faɗa wa kowa haka ko ba a tambaye shi ba. Na rubuto ne don in ba da labarin yadda saura ƙiris in rasa idona na dama ina can ina rigima da bindiga.

Kada mai karatu ya tsorata, bindigar iska ce ta wasanni, kuma ko gida ba ta zuwa, a kulob ake kulle ta. Wani mai gidan abinci da nake kai wa nama ne ya ja ni wurin, wani tsohon sito ta wajen tashar jiragen ruwa da aka mayar filin harbi. Mutum zai tsaya mita goma daga wani ɗan kati, ya leƙa ta 'yar kafar da ke kan bindiga, ya riƙe numfashi, ya taɓa kunama a hankali. Harsashin 'yar ƙwayar dalma ce, ɗigon tsakiya da ake nema kuwa bai kai ƙwayar gero ba. Na je kallo ne da niyyar tsokana, na harba sau ɗaya, shi ke nan na kamu. Ni da nake yini cikin hayaniyar kasuwa da hon ɗin gbaka, ƙananan motocin hayarmu, sai ga wurin da mutum ke jin bugun zuciyarsa. Kocinmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Bawule da ya yi ritaya daga soja, ya ce hannun mahauci bai san rawa ba, in na yi haƙuri zan yi nisa. Na kuwa yi nisa. Cikin 'yan shekaru na zama ana nuna ni ga baƙi, har na sayi bindigata ta kaina, nake goge ta da ƙyallen da ya fi na goge tabarau laushi. Mai ɗakina tana cewa ko ita ba ta samu wannan tarairayar ba tana amarya.

Abin da ya kamata a gane shi ne, mai harbi da ido ɗaya yake aiki. Akwai ɗan marfin roba da muke ratayawa gaban idon hagu, na dama kaɗai ke leƙe. A gida da kasuwa kuwa idanuna biyu a buɗe suke, na hagu yana rufa wa na dama asiri ban sani ba. Filin harbi ne kaɗai wurin da idon dama yake tsayawa shi kaɗai, don haka a can matsalar ta fara nuna kanta. Harbina da ke taruwa wuri guda ya fara watsewa. Yau baƙin tsakiyar kati ya fito tar, gobe ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa mai. Ni kuwa tun ranar farko na yanke hukunci cewa bindiga ce ta lalace.

Allah Ya gafarta mini irin wahalar da na ba kaina da mutane. Na murɗa 'yan maɓallan saiti hagu, na murɗa dama, har na manta inda suke da farko. Na ce raɓar lagun, ruwan nan da ya ratsa Abidjan, ita ce ke shiga gwangwanin harsashi, na binne shi cikin buhun shinkafar gida, mai ɗakina ta tono shi da kwanon awo ta tsaya tana salati. Na ce ƙwayoyin dalmar ne nauyinsu bai daidaita ba, na kwashe su zuwa wurin wani maƙerin zinariya ɗan Senegal a Treichville, na roƙe shi ya auna mini su ɗaya-ɗaya a sikelinsa. Mutumin ya auna kaɗan, ya cire tabarau ya dube ni, ya ce a Faransanci shi dai zinariya ya koya, amma in hauka ce ke damuna ya san inda ake magani. Muka yi dariya, na ba shi tukuicin tsoka, na fita ina cewa a raina bai san kan abin ba ne.

Da na rasa abin kamawa sai na koma kan goro. Na ji ana cewa goro da kofi suna sa rawar hannu, ni kuwa tun ina saurayi bakina ba ya rabo da goro. Na bar shi rana ɗaya, abin da ya ba dattawan unguwarmu mamaki, har ɗaya ya tambaye ni ko wani sabon wa'azi na ji. To amma baki ya saba da tauna, sai na cika aljihu da alewa da dabino, in ƙishirwa ta taso in kora da lemun citta mai zaƙi ko bisap, wato zoɓo, mai sanyi, da la'asar kuma ga shayin majalisa da sukari kamar ba kuɗi aka sa aka saya ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ƙishirwa ta ƙaru, fitsari ya yawaita, wandunana suka fara sauka daga ƙugu. Mai ɗakina ta ce Alhaji wannan ramar ba ta lafiya ba ce, mu je a duba ka. Na ce mata ai ramar 'yan wasa ce, ta gode wa Allah tana auren ɗan wasa. Ta ce ita ba ta taɓa ganin wasan da ake yi a tsaye cak ya ramar da mutum ba.

Kocinmu ya gaji da ƙorafina, wata rana ya karɓi bindigar ya ɗaure ta a maƙalin ƙarfe jikin tebur yadda ba za ta motsa ba, ya harba ta sau da dama a gabana. Duk suka shige rami ɗaya. Ya miƙo mini katin, ya ce mon frère, wato ɗan'uwana, wannan baiwar Allah ba ta yi maka komai ba, ka je a duba idonka. Kun san me na ce? Na ce maƙalin ne ya ɓoye laifinta. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na ƙarfe. Gaskiyar magana kuwa tsoro nake ji, na fi son a ce bindiga ce don ita ana gyara ta da sukundireba.

Asirina ya tonu ranar wata 'yar gasa tsakanin 'yan kulob. Katunan a jere suke, kowa da nasa. Na daidaita tsayuwa, na riƙe numfashi, na saki harbin da na ji a jikina ya yi kyau. Ya kuwa yi kyau, don tsakiya ya samu, sai dai a katin maƙwabcina, wata mata mai shagon magani da ba ta ma ɗaga bindigarta ba tukuna. Ta duba ta ga rami, ta juyo ta ce Alhaji merci, Allah Ya ƙara arziki. Wurin ya ɓarke da dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Amma da aka tashi ta ja ni gefe, fuskarta babu wasa, ta yi mini tambaya a kan ƙishirwa da rama da yawan fitsari. Da na amsa sai ta ce kada in bari mako ya zagayo ban ga likita ba, kuma in zubar da abin da ke aljihuna tun a nan.

Na shiga gbaka zuwa Adjamé. Da na ba mai ɗakina labari ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ai na faɗa maka ba, abin da na fi tsoro. Tasowa ta yi ta sa tafin hannunta ta rufe mini idon hagu, ta ce in dubi fuskarta in faɗa mata abin da na gani. Edita, matar da na aura tun muna da ƙuruciya, na ga ɗankwalinta, na ga haɓarta, amma tsakiyar fuskarta wani duhu ne kamar yanar gizo. A nan na yi kuka, ban ji kunyar faɗa ba.

Likita ya ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikina yana cin ƙananan jijiyoyin bayan ido, alewata ƙara wa wuta fetur kawai ta yi. Ya ce da na ƙara jan lokaci da idon ya tafi, na hagun ma ya fara taɓuwa. Aka yi mini aikin ido da hasken na'ura, aka yi allurai, aka ɗora ni kan magani da dokar abinci. Mutanen gidanmu da 'yan kasuwa suka yi ta zuwa gaisuwa, masu cewa sannu da masu cewa yako, sannun mutanen Abidjan. Alhamdu lillahi idon bai mutu ba, ina gane mutane da shi, ina ganin hanya, sai dai kaifin nan nasa ya tafi ba zai dawo ba. Yanzu da kafaɗar hagu da idon hagu nake harbi, a layin sababbin shiga, kuma sau da yawa su ke cin ni. Ina dariya da su, don ina ganin katin da suka cinye ni a kansa.

Abin da na koya shi ne, mu maza mun iya kula da kaya fiye da jikinmu. Mota ta yi 'yar ƙara mu ruga gareji, waya ta yi zafi mu nemi mai gyara, amma jiki ya yi ta magana mu ce gajiya ce. Da na ji maganar mai ɗakina tun farko, da yau da idon dama nake rubuta wasiƙar nan. Don haka ɗan'uwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. In kana yawan jin ƙishirwa, kana ramewa ba dalili, ko ganinka yana zuwa yana komawa, je a auna ka, kada ka jira a yi maka dariya a bainar jama'a kamar ni. Kafin ka ajiye mujallar nan ma, sa tafin hannu ka rufe ido ɗaya ka karanta layin nan, sannan ka rufe ɗayan ka sake. In ɗaya ya gaza ɗaya, gobe kada ka buɗe shago sai ka ga likita.