Ranar da na ƙi cin naman Alhaji Bashir

Salamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ke nan ban ɗora komai a shafin nan ba. Masu cewa na mutu, ku yi haƙuri, ina nan. Masu cewa jifa aka yi mini shi ya sa na zube, ku ma ku matso ku ji.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Tukur, dillalin dawa ne ni. Daga ƙauyukanmu na bakin kogi har kasuwar Damazin, duk gidan da na shiga tayin buhu sai an dire mini siniya, wato babban faranti, cike da abinci. Da haka na kai kilo ɗari da talatin da takwas.

Da ƙishirwa abin ya fara. In sha ruwa kamar raƙumi, in yi ta zaryar bayan gida. Sai gwiwa ta ɗauka, na koma yin salla a kan kujera ina ɗan shekara arba'in da huɗu. Ran nan a kasuwa idona ya rufe, sai farkawa na yi a asibiti da ledar ruwa a hannu. Sukari ya hau, jini ya hau, hanta ta yi kitse. Kwana shida ana huda mini yatsa safe da yamma. Wallahi na tsorata.

Kada wani ya ce ban yi ƙoƙari ba. Shekara bakwai ina rijim, wato fama da rage ƙiba. Na sha kirfa, na sha lemun tsami da ruwan zafi, na ɗaura wata ɗamarar roba da ta kusa hana ni numfashi. Matata Hawwa har auna mini kisra, wainar dawarmu, take yi. In rage kilo uku a gida, fita ɗaya in dawo da biyar.

Kun san dalili. Da na ce "Alhamdu lillahi, na ƙoshi," sai maigida ya zabura: "Alayya attalak sai ka ci!" Wato matarsa ta saku in ban ci ba. Namiji da gemunsa, ya ɗauki aurensa ya ɗora a kan haƙarƙarin rago. Ni kuma sakarai in ci, wai kada gidan wani ya mutu ta dalilina. Su ne kuma in mun haɗu a masallaci za su dafa tumbina suna dariya: "Malam Tukur, a riƙa ragewa mana." Tir!

Da aka sallame ni na ce wa likita, "Diktor, na ji ana yanke ciki a Masar. A yanke shi kawai kowa ya huta."

Bai yi dariya ba. Ya ce cikin zai koma kamar kofin shayi, zan yi makonni ba abin da zai wuce sai ruwa-ruwa, ƙwayoyin ƙarin jini kuma har ƙarshen rayuwa. Kuɗin aikin sai na sayar da motata. Duk na ce na yarda.

Sai ya ce, "To bayan an ɗinke ka, in wani ya rantse fa?"

Kafin in amsa ya ɗora:

"In ka ci, ɗinkin na iya ɓallewa, kuma ba lalle ka iso nan da rai ba. Je ka wata uku. In ka iya cewa a'a, dawo in rubuta maka takardar aikin."

Mako uku bayan nan na je wurin Alhaji Bashir, wanda rabin dawar da nake saye tasa ce. An yanka rago, an kawo shayya, wato gasasshen nama, tana tururi, mutum kusan goma sun zagaye siniya. Na ce likita ya hana. Kafin in rufe baki ya rantse.

Aka yi ca a kaina. "Haba Tukur, loma ɗaya! Fitar da shi daga rantsuwar mana!" Ƙamshin naman ya cika mini hanci. Na san loma ɗayar nan, shekara bakwai ina cin ta.

Na ce, "Alhaji, matarka Hajiya ba ta yi mini laifin komai ba, amma bakinka ne ya rantse, ba nawa ba." Na sa takalmina.

Da na waiwaya daga mota, ga Alhaji ya tattare jallabiya yana sauri zuwa gidan liman, rawani na warwarewa. Abin da liman ya faɗa masa tsakaninsu ne. Hajiya dai tana ɗakinta har yau. Dawarsa kuwa ya daina sayar mini, ya bi gari yana cewa ba ni da mutunci.

Wata uku na cika na koma asibiti, kilo tara sun tafi. Yanzu ashirin da shida ne suka tafi. Sukarin ya sauka, an rage mini magani, kullum da safe ina taka ƙafa zuwa bakin kogi in dawo. Likita ya cika alkawari ya ba ni takardar, ya ce aikin na nan in na ga nauyin ya tsaya. Ban yanke shawara ba tukuna. Wanda ya yi aikin kuma kada a raina shi, ba ragwanci ba ne.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hawwa, da likitan nan da ya ƙi yi mini abin da nake so, da ma'aikatan jinyar da suka jure masifata.

Shawarata: in ƙishirwa ta yi maka yawa, je a gwada sukarinka, kada ka tsaya shan kirfa. In kana tunanin yankan ciki, ka tambayi likita yadda za ka rayu bayansa, a cikin mutanen da kake cin abinci da su.

Ku kuma masu rantsuwa, na gaya muku tun yanzu. Duk wanda ya sake rantsuwa da saki a kaina, ya fara neman motar da za ta kwashe kayan matarsa. 'Ya'yana biyar, kuma babu ɗayanku da zai riƙe mini su in na mutu.