Tafiyar Mai Garwa Biyu

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar, saura kwana tara a ɗauki azumi, a shekarar da na cika goma sha ɗaya, na fara ganin mutumin nan mai bokiti biyu. Ina tsaye a bakin ƙofar falon gidan Larabawan da mahaifiyata ke yi wa wanki, hannuna duk kumfar sabulu, na leƙa. Yaran gidan, Nawal da ƙanenta, suna rub da ciki a kan darduma, sun zuba wa talabijin ido. Wasan Turawan Ingila ake yi, irin na mutanen da, maza da gashin aro fari kamar na tunkiya, da safa har gwiwa, ana haska ɗaki da kyandir. Ko kalma ɗaya ba na ji. Can sai ƙofa ta buɗe, wani tsoho ya shigo da sanda gicciye a kafaɗa, bokiti na reto ta kowane gefe. Gwiwoyinsa a lanƙwashe, yana ɗan taku ƙanana-ƙanana da sauri, ƙugunsa na kaɗawa kamar na agwagwa. Maigidan ya daka masa tsawa, ya juya zai fita, bokiti ya maki wani a gadon baya. Sai wasu mutane da ba a gani suka tuntsire da dariya daga cikin akwatin. Yaran suka yi dariya. Ni ma na yi, da ƙarfi, har Nawal ta waiwayo ta gan ni.

Iyayena ƙafa ce ta kawo su ƙasar nan, Baba daga ƙasar Damagaram, Iya daga wani ƙauyen Kano. Suka sauke farali, suka zo ziyara Madina, ba su koma ba. A wajen Ranuna aka haife ni, kusa da Ƙuba, lokacin gonakin dabino sun fi gidaje yawa. Ɗakinmu ɗaya ne, na bulo da rufin kwano, da 'yar rumfa inda awakinmu uku ke kwana. Aikina da safe in tsinto ƙwallon dabino in jiƙa wa awaki, in share tsakar gida, in tsinko na'ana'a a bakin lambun maƙwabta don shayin Baba. Da sauran ƙwallayen muke 'yar carafke da ƙawayena a gindin bango. Boko ban taka ƙofarta ba. Abin da na samu surorin sallah ne, su ma a bakin Iya.

Baba saƙƙa ne, wato mai kai ruwa gidaje. Garwa biyu da sanda guda, su ne duk kayan aikinsa. Daga famfon unguwa yake ɗiba tun sanyin safiya, ya cika randunan mutane har rana ta yi tsaka. A kafaɗarsa ta dama akwai kanta baƙa ƙirin, mai tauri kamar tafin raƙumi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bakinsa bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce mini, a gida da waje. Ko daga ƙarshen lungu ya hango ni, sai ya ɗaga murya, “Uwata, an tashi lafiya?” Kuma kullum akwai dabino guda a aljihunsa, nawa ne.

Shi mai bokitin nan na talabijin ba da shi ake wasan ba. Sau ɗaya yake leƙowa, bai kai a shanye kofin shayi ba ya fita, wani makon ma ba a ganinsa. Amma ni shi nake jira. Wata rana na ɗauki sandar goge ƙasa na gicciya a wuya, na yi wa yaran tafiyarsa. Suka yi ta birgima don dariya. Daga ranar na tashi daga bakin ƙofa na hau darduma. Duk Alhamis sai Nawal ta ce, “Yalla, yi mana mai bokiti,” in yi, a matsa mini wuri a ƙarƙashin fanka, a miƙo mini biskit. 'Yar mai wanki a tsakiyar falo! Na ji kamar an naɗa ni sarauta. Kada in yi ƙarya da furfura a kaina: ba a talabijin na koyi tafiyar nan ba. Tun ina rarrafe nake ganinta. Na sani sarai ta wane ce.

To, bayan sallah da 'yan makonni, famfon gidan ya ƙafe. Iya ta ce da uwargidan kada ta damu, za a kawo ruwa. Ta hau soro shanya, mu kuwa muna falo. Sai ga sallama. Baba ya shigo tsakar gida da garwa biyu cike maƙil, gwiwa a lanƙwashe, taku ƙanana-ƙanana, zufa ta jiƙe masa riga. Ƙanen Nawal ya yi tsalle ya ce, “Ga shi nan! Wallahi ya fito daga talabijin!” Nawal ta cusa mini sandar goge ƙasa a hannu, tana dariya har da hawaye. “Bi bayansa, mu ga wa ya fi iyawa.”

Ba su san ko wane ne ba. Kalma biyu ce kawai, in ce ubana ne. Na dubi dardumar, na dubi fankar. Na ɗora sandar a wuya, na bi bayansa.

Tun daga bakin zaure har gindin randa nake binsa, ina kaɗa ƙugu, ina ƙara gishiri, yara na shewa. Ya sauke garwa, ya juye ta farko, ya juye ta biyu, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Sannan ya juyo. Idonsa ya sauka a kan sandar, ya sauka a kaina. Na ga bakinsa ya motsa zai kira ni yadda ya saba, sai ya haɗiye. Ya yi mana sallama da Larabci, mu duka uku, irin gaisuwar baƙo ga 'ya'yan masu gida. Ya ɗauki garwarsa. Bai kai zaure ba Nawal ta tambaye ni, “Kin san shi ne?” Na ce, “Saƙƙa ne.” Ya ji. Sau uku ya sake dawowa kafin randunan su cika, duk ina laɓe a bayan labule.

Da muka koma gida na zauna jiran duka. Wallahi da ya dake ni da na samu sauƙi. Sai ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini dabinona ya ce, “Uwata, a kawo shayi.” Bai gaya wa Iya ba, har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Amma daga ranar bai ƙara kirana a waje ba. In ya hango ni cikin yara, sai ya karya ya shiga wani lungu, da garwa cike, cikin ranar Madina, ya zagaya ta bayan gonaki. Ya ɗauka kunyarsa nake ji, shi ne yake ɗauke mini kansa. Ni kuwa na daina shiga falon nan, amma ban iya ce masa komai ba.

Bayan shekara biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, Iya ta aike ni famfo da garwarsa, rabi-rabi na zuba. Kafin in iso gida ruwan ya ƙare a jikina. Yana kwance bisa tabarma a rumfa yana kallona, ya ce, “Sassauta gwiwa, Uwata. Rage taku. Ki bar sandar ta yi numfashi.” Na koma na yi yadda ya ce, ruwa ya kwanta lif a cikin garwa. Ashe tafiyar da muke wa dariya ita ce aikin. Na shigo gida da tafiyarsa sak, a gaban idonsa, karo na biyu. Ya ce, “Yauwa.” Nan ne wurin da ya kamata in durƙusa in ce ya yafe mini. Na buɗe baki, na ce masa ko zai sha kunu.

Ina goyon ɗana na fari ya rasu. A maƙabartar Baƙi'a yake. Mata ba sa shiga, kaburburan kuma ba suna, sai in tsaya a jikin katanga in yi sallama ga duk wanda ke ciki.

Yanzu a unguwar Sultana nake, a bene hawa na uku, gidan 'yata. Ruwa sai dai a murɗa. Gonakin Ranuna sun zama gidaje, yaran yanzu ko sunan saƙƙa ba su sani ba. Kwanan baya na ba jikata Hanan labarin wasan, ita da ke aiki a filin jirgi, ban da abin da na yi. In yi mata Hausa, ta amsa mini da Larabci, haka muke. Ta yi ta lalube a waya har ta samo shi. Ga gashin tunkiya, ga kyandir, ga tsohon ya turo ƙofa. Mutanen nan da ba a gani suka sake tuntsirewa, dariyarsu ba ta tsufa ba. Hanan ta dube ni, ta kira ni kaka da Larabci, ta ce, “Ya jadda, ba ki yi dariya ba.” Na ce ta mayar da shi baya in sake gani. Na ƙura wa sandar ido. Ba ta lanƙwasa ba, ba ta yi numfashi ba, kafaɗarsa ma ba ta nutse ba. Na ce, “Bokitan nan ba ruwa a ciki.” Ta ce, “Ai wasa ne, jadda.”

Na'am, wasa ne. Ni da tsohon talabijin, sanda marar kaya muka ɗauka. Garwar Baba kuwa cike take.