Mai Tocila da Takardar da Na Ɓoye a Ƙamus

Da hantsin ranar Talata, sha bakwai ga watan Yuli, ina ba shukokina ruwa a baranda, 'yarka ta fari ta kira ni a waya. Muryarta ba ta canja ba tun tana aji huɗu a hannuna. Ta ce, "Malama, Baba ya cika." Na ajiye butar, na ce daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma. Sannan na zauna.

Yabon mutane ba ɗabi'ata ba ce. Shekara talatin da ɗaya na yi ina shugabancin makaranta, kuma duk malamin da ya yi aiki a ƙarƙashina ya san "ba laifi" ita ce iyakar abin da ake samu daga bakina. Amma kai, dillalin gidaje da kowa ya sani da Mai Tocila, kana da shaida a wuyana, kuma ina so in sauke ta a rubuce tun hannuna na iya riƙe alƙalami.

Laƙabin nan ba a banza ka same shi ba. Ko da rana tsaka ce, ba ka shiga gidan da za ka sayar sai da tocila a aljihu. Sauran dillalai sukan fara da falo da faɗin tsakar gida. Kai kuwa sai ka ja mai saye zuwa bayan ƙofa, ka haska masa tsagewar bango, ka ɗaga fitilar sama ka nuna masa inda rufi yake yoyo. Sai ya gama ganin aibin gida kaf, sannan ka buɗe tagogi. Abokan sana'arka sun ce kana korar kasuwa da hannunka. Ka ce ka ji.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, yana da ƙaramar maɗaba'a. A shekarunsa na ƙarshe ciwo ya ci ƙarfinsa, aiki ya tsaya, bashin mai sayar masa da takarda ya taru. Mutumin ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya, aka kuma rubuta hukuncin a kan takardar mallakar gidanmu a ofishin filaye. Ma'anar hakan ita ce, gidan ba zai sauya hannu ba sai an cire haƙƙin mai bashi daga kuɗinsa. Bayan rasuwar maigidan aka ba ni wa'adin wata shida: ko in sayar da kaina in biya, ko a yi gwanjonsa a bainar jama'a, a kan duk abin da aka taya.

Ɗana babba ya zo har gida. Ya ce, "Mama, ki bari in biya, ki dawo wurinmu. Ga ɗaki nan ba kowa." Na gode masa, na kuma ce a'a. Ban taɓa zama a ɗakin da ba ni ke riƙe da makullinsa ba, kuma ban ga dalilin fara hakan ina da shekara saba'in da biyu ba. Abin da nake so a bayyane yake: in sayar da gidan da darajarsa, in biya bashin mijina da hannuna, abin da ya rage in sami wuri nawa, komai ƙanƙantarsa.

A nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Na ninke takardar kotun na cusa ta a tsakiyar babban ƙamus ɗina, na kira ka, na nuna maka ɗakuna huɗu da lambu, ban ce maka uffan game da ita ba. Tunanina shi ne a yi ciniki, kuɗi su shigo, in je in biya a ɓoye, ba wanda ya ji. Ban san cewa ba ka tallata gida sai ka je ofishin filaye ka duba tarihinsa da idonka ba.

Bayan kwana uku ka dawo. Ka gaishe ni yadda ka saba, ka ƙi zama. Ka ce, "Malama, akwai takardar da ba ki nuna mini ba."

Na ce wannan sirrin gidana ne, kuma ba na jin ya shafi dillali.

Ka yi murmushi ka ce, "Haba Malama. Ba ke ce kika rako 'yata har ƙofar gidana ba, ranar da ta ɓoye mini takardar sakamakonta a ƙarƙashin katifa? Na tuna abin da kika ce mata: jan biro ba ya gogewa don an ɓoye shi. Har yau tana faɗa wa nata 'ya'yan."

Ba a taɓa mayar mini da maganata haka ba. Na tashi, na ɗauko ƙamus ɗin, na buɗe, na miƙa maka.

Daga ranar takardar nan ta riga tocila. Duk wanda ka kawo, tun a bakin ƙofa kake karanta masa ita, ina tsaye ina ji: ga hukuncin kotu, ga mai bashi, ga yadda za a cire nasa kafin in taɓa nawa. Mutum goma sha ɗaya ka kawo a wata huɗu. Wasu ko takalmi ba su cire ba suka juya. Wasu suka gane an matsa mini, suka taya rabin kuɗi suna kallon silin. Waɗannan kai da kanka ka raka su waje, ban ko buɗe baki ba.

Ba zan ɓoye ba, na yi fushi da kai. Wa'adi na ƙaratowa, maƙwabta sun fara gaishe ni da irin muryar da ake gaishe da majinyaci. Na ce maka zan nemi wani dillalin. Ka ce, "Nemi, Malama, haƙƙinki ne. Sai dai duk wanda ya saya bai sani ba, ke zai kai kotu, ba shi ba. Ni kuwa ba zan so in ga shugabar makarantarmu a kan bencin nan ba." Mako biyu ban amsa gaisuwarka da kyau ba. Ba ka fasa zuwa ba. A cikin makonnin nan ne ka je wurin mai sayar da takardar nan da ke bin mu bashi, ka sa ya rubuta adadin da yake bi cif, ya sa hannu, don kada wani ƙari ya ɓullo ranar biya. Na gargaɗe ka kada ka roƙar mini ragi ko na sisi. Ba ka roƙa ba.

Saura kwana goma sha tara ka zo da wata ungozoma, mace mai ƙarancin magana, wadda ta taɓa zuba duk abin da ta tara a wani fili, daga baya ta tarar da shari'a a kansa. Ka karanta mata takardar, ka haska mata yoyon ɗakin girki, ka nuna mata famfon da ba ya rufuwa. Sai ta ce, "Gida tara na duba. Kai ne na farko da ya fara da abin da zai kore ni." Ta saya a kan kuɗin da muka sa, ba ta rage komai ba.

Ina tuna ofishin lauya ranar sa hannu: dogon tebur, fanka mai ƙara, ceki biyu a gaban lauyan, ɗaya na mai bashi, ɗaya nawa. Lauyan ya ɗauki na farkon zai tura wa mai shi, sai ka ɗaga hannu ka ce, "A ba Malama ta miƙa da kanta." Na miƙe tsaye na miƙa. Mai takarda, wanda na shekara biyu ina sauya hanya don kada mu haɗu, shi ma ya miƙe, ya karɓa da hannu biyu, ya yi wa mijina addu'a. Ya sa hannu a kan shaidar cewa an biya shi, aka buga hatimi.

Abu ɗaya ya rage da nake tsoro: kada ka ce ka yafe mini la'adarka. Da ka yi haka, da ka rushe duk abin da ka gina. Na miƙa maka ambulan ina kallon fuskarka. Ka buɗe, ka ƙirga a gabana, ka ce, "Daidai ne, Malama," ka sa a aljihu. A cikin duk alherin da ka yi mini, wannan na fi riƙewa. Ba ka taɓa tausaya mini ba ko sau ɗaya. Girmama ni ka yi.

Ciki da falon da nake zaune yanzu ma kai ka samo mini, bayan ka durƙusa da gwiwoyinka masu ciwo ka haska mini tsatsar bututun ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Shekara shida ke nan. Makullin yana jakata.

Takardar kotun kuwa ba ta koma ƙamus ba. Na sa an yi mata gilashi tare da shaidar biyan, na rataye su a falo, tsakanin takardar digirina da hoton maigidana. Ɗana ya taɓa tambayata dalilin da zan rataye abin kunya inda baƙi ke zama. Na ce masa ya matso ya karanta hatimin ƙasa. A duk takardun bangon nan, ita ce na fi shan wuya kafin in ci jarrabawarta, kuma malamin da ya koyar da ni darasin, wato kai, bai wuce aji shida ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'yarka ɗalibata, da ƙannenta, da jikokinka. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci abin da ya bari, domin na shaida babu haƙƙin kowa a ciki.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata makwancinsa. Bai taɓa barin wani ya shiga gida a cikin duhu ba. Ka haskaka masa nasa. Amin.