Farantin da na mayar a Aƙiƙ

Ni ce nake faɗa, wata take rubutawa, don ban yi makaranta ba. Na gaya mata idan kuka ya tare ni ta jira, kada ta cike gurbin da nata kalmomin.

A Madina akwai wani ɗan lokaci bayan sanyi ya ja baya, kafin zafi ya sauko, mutanen nan suna ce masa rabi'i. Idan Allah ya kawo ruwa a shekarar, rafin Aƙiƙ da yake bushe kullum sai ya ɗauko ruwa, ciyawa ta tsiro tsakanin baƙaƙen duwatsu, gari duka ya fita. Kowa ya ɗauki darduma da butar shayi da iyalinsa, a zauna a bakin rafi har la'asar. Kashta suke kiran wannan fita.

Marigayi maigidana ba ya wasa da kashta. Direba ne, dabino yake ɗaukowa daga Khaibar, saboda haka ya san inda ruwa ya sauka kafin kowa a unguwarmu ta Harra ya sani. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai zuba mu a bayan mota, da yara da tukunya. Shi aikinsa hura wuta da shayi. Ni kuwa ba na iya zama. Ƙauyenmu a ƙasar Damagaram yarinya ba ta ganin ɗanyen ganye bayan ruwa ta wuce shi. A nan Madina na sami ganye biyu da suka yi mini: kubbaiza mai laushi, da humaid mai tsami kamar yakuwa. In tsinko, in dafa a gida, in kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Shi yake bina da leda yana riƙe mini, yana ce wa yara ashe akuya ya auro bai sani ba. Idan aka kwaɗa kuma shi yake suɗe kwanon.

Ya rasu ana shirin shiga sanyi. Na fita takaba ke nan ruwa ya sauka.

A lokacin akwai maganar da ta cika gidanmu. Jikata, babbar 'yar ɗan farina, wani yaro ya nuna yana sonta, ita ma tana sonsa, ko makaho ya ji muryarta a kwanakin ya sani. Ƙanwarsa ƙawarta ce ta makaranta. Mutanen asalinsu Hausawa ne, amma kakanninsu tun da ƙafa suka zo hajji suka zauna, yanzu 'yan ƙasa ne, suna da gidansu na kansu, Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Mu kuwa har yau da iƙama muke zaune, wato takardar zaman baƙi. Ɗana ya san bambancin, yana kuma tsoronsa. Shi da uban yaron suka shirya a haɗu a kashta, mata su ga juna a sake kafin a zo gida neman aure.

Surukata ta kwana biyu tana girki. Ta sayo mini sabuwar abaya da takalmi. Ɗana bai ce mini komai ba, tsakaninmu akwai kunyar ɗan fari, ba ma doguwar magana. Sai dai da muka sauka a bakin rafin ya shimfiɗa mini darduma ta daban, ya jingina mini matashi, ya ce, "Inna, ki huta a nan." Yanzu na gane abin da yake nufi. A ranar na ɗauka tausayin gwiwata yake.

Baƙin suka makara. Ɗana ya tafi bakin titi yana waya yana nemansu, don motoci sun yi yawa. Surukata da 'yan matan suna jera abinci. Ni ina zaune ina kallon ruwan, ga ƙamshin ƙasa, ga hayaƙin itace daga ko'ina, babu mai hura mini tawa wutar. Can gefen wani dutse na hango kubbaiza ta yi lif. Na ce bari in ɗan tsinko kaɗan kafin su iso. Don kada in ɓata kayan da aka saya mini, na cire abayar na ninke, na ajiye takalmin a kai. Na tafi da tsohon hijabina na zaman gida da wata leda da aka zubo albasa a ciki.

Ban san na yi nisa ba. Ganye yana jan mutum, wannan ya kai ka ga wancan. Taɓo ya kama ni har ƙwauri. Da ledar ta fara nauyi na miƙa hannu baya ba tare da na waiwaya ba, yadda na saba, don a karɓa. Ba a karɓa ba. Nan na durƙusa na fashe da kuka. Ni ba na iya kukan zuci, da murya nake yi, ina kiransa ina tambayarsa wa ya bar wa ledar.

Ina cikin haka na ji an dafa kafaɗata. Wata mata ce mai kamala, tana ƙamshin turare, da zoben zinariya a hannu. Ta yi mini magana da Larabci a hankali, ta ajiye mini faranti cike da shinkafa da kaza, ta koma wajen wata babbar mota inda mutanenta suke tsaye suna duba waya.

A kashta maƙwabta suna aika wa juna abinci, na sha gani, na sha aikawa. Abin da na ɗauka ke nan. Na yi mata addu'a, na ci loma biyu don ba a raina abin hannun mutum, na juye sauran a gefen hijabina na ƙulle. Farantin na roba ne, irin wanda ake ci a yar, amma ni a gidanmu ba a mayar da kwanon maƙwabci da datti, ba a kuma mayar da shi babu komai. Na sauka bakin ruwa na wanke shi tas. Na zaɓi mafi kyau a cikin ganyena, na kakkaɓe ƙasar, na cika shi har ya yi tozo. Na nufi motar ina murna ina da abin bayarwa.

Da ta gan ni tafe sai ta ɗaga hannu tun daga nesa, ta ce, "Khalas ya khala, Allah ya'ɗiki." Wato ya isa haka, Allah ya ba ki. Na san maganar. Ita ake faɗa wa mabarata a bakin danja idan sun sake dawowa. A nan na gane ba zumunci aka yi mini ba. Ta ga tsohuwa baƙa, babu takalmi, tana kuka tana tsintar ciyawa, ta ɗauka yunwa ce.

Ina tsaye da farantin a hannu sai ga ɗana ya ɓullo ta bayan motar, yana haki yana dariya, yana miƙa wa mijin matar hannu, yana cewa ai ya zagaye wajen duka yana nemansu. Ashe baƙin da muke jira ke nan. Sannan ya gan ni. Ya dubi ƙafafuna, ya dubi ƙullin shinkafar da maiƙonta ya fito a hijabina. Ni ce na haife shi, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Allah ya yi masa albarka, bai yi kamar bai san ni ba. Ya zo ya karɓi farantin daga hannuna, ya juya ya ce musu, "Wannan ce mahaifiyata."

Matar ta rufe baki da hannu. Ta zo ta sumbaci kaina tana neman gafara, tana ta maimaitawa, ni ma ina ce mata babu komai. Aka ɗunguma zuwa wajen zamanmu. Surukata ta ja ni bayan mota ta wanke mini ƙafa da ruwan gora, ta saka mini abayar. Aka ci abinci. Aka yi hirar ruwa da tsadar haya. Jikata ta zuba gahawa yadda aka koya mata, ba ta zubar da ko ɗigo ba. Matar ba ta ƙara kallon inda nake ba, ni ma ban ɗaga kai ba. Kafin la'asar suka ce suna da wani uzuri.

Muka koma gida. Ban san inda ɗana ya ajiye farantin ba, ban kuma tambaya ba.

Muka shiga jira. Yarinyar tana yawo da wayarta har cikin kicin, ko ƙara ta yi kaɗan sai ta zabura. Ni ina ɗaki ina roƙon Allah kada ya kama ta da wautar tsohuwa. Na ce wa surukata ko in je in ba matar haƙuri, in gaya mata mu ba mabarata ba ne, mijina da guminsa ya ciyar da mu har ya koma ga Allah. Ta ce in bari, zuwan zai ƙara tono abin.

Zafi ya fara shigowa lokacin da uban yaron ya kira ɗana. Ya yabi gidanmu, ya yabi tarbiyyar yarinya, sannan ya ce sun yi istihara, babu nasibi. Bai ambace ni ba. Wata maƙwabciyarmu 'yar Chadi ta ce mini dama irin waɗannan ba sa son haɗa jini da masu iƙama, ko da ban tsinki ganye ba haka za a ƙare. Wata kuma ta ce kunya ce ta hana matar, ba za ta iya haɗa zuri'a da wadda ta yi wa sadaka ba. Ban san wadda ta fi gaskiya ba.

Ranar da aka gaya wa yarinyar, ta shiga banɗaki ta daɗe, famfo yana zuba. Da ta fito ta ɗauko man zafi ta zo ta zauna a gabana, don lokacin shafa mini gwiwa ya yi. Idanunta sun kumbura. Na ce mata, "'Yar nan, ki zage ni ko sau ɗaya, in samu sauƙi."

Ta amsa da Larabci, yadda yaranmu na nan suke yi, ta ce in miƙo ɗaya ƙafar.