Tsutsar da Ta Fito Daga Kaskon Kaka

Ƙanshin kanumfari ne ya tono mini wannan zance. Jiya jikata ta shigo ɗakina dafe da kunci, uwarta ta cusa mata ƙwaya ɗaya a ramin haƙori. Ina shaƙa sai ga ni a tsakar gidanmu na Fagge, ina 'yar shekara tara.

Babanmu rumfa gare shi a Kasuwar Singa, duk alawar da ta farfashe a kwali gida ake kawo mana. Ni kuwa da ita a baki nake wuni. Kakarmu, kowace alwala za ka gan ta a bakin rijiya tana gurza asuwaki tana harararmu. Har ta koma ga Allah da haƙoranta take tauna aya.

Wata bazara, mangwaro ya cika gari, haƙorina na can ciki ya yi rami. Kuncina ya haye kamar na ɓoye goruba. Innata ta aika aka kira wani mai magani da ke zaga unguwa da lasifika, wai cire tsutsar haƙori yake. Ya barbaɗa wasu ƙananan iri a garwashi, ya kifa mazurari, ya ce in buɗe baki hayaƙi ya shiga. Can ya ɗaga, ya karkaɗe a ƙwaryar ruwa, sai ga wasu farare sirara suna yawo. Matan gida suka ɗauki salati.

Kaka ba ta yi salatin ba. "Malam, sam mini kaɗan mana," in ji ta. Ta zuba a kaskon turarenta, ta kifa mazurarin, ba ta kai baki ba. Ta ɗaga, ga su nan, sak irin nawa. Ashe irin ne ke tsagewa idan ya ji wuta.

"To Malam, wannan kuma daga bakin wa? Ko kaskona ne ke ciwon haƙori?"

Ya tattara kayansa ya nufi zaure, ko sallama babu. Amma inna ta ce a ɗan jira, ai hayaƙin ya shiga. Aka jira mako biyu. Ranar da kaka ta ja ni asibiti, sai dai aka cire. Har yau harshena na kai wa gurbin ziyara.

Yanzu mai lasifikar ya koma cikin waya. Surukata, uwar jikar tawa, ta nuna mini wani yana koyar da haɗin kanwa da lemon tsami, wai kwana uku rami ya toshe.

"Hajiya, mutane da yawa fa sun yaba."

"Mu ma gida guda muka yi salati, 'yar nan. Shi wannan ya taɓa leƙa bakin yarinyar?"

Ban yi boko mai nisa ba, kuma kowa ya san ƙafata ba ta son fita. Amma yau da safe na yafa mayafi, na riƙe hannun jikata, muka hau adaidaita sahu zuwa wurin likitan haƙori a Sabon Gari. Ya haska fitila ya duba, ya ce mun zo da wuri, ya yi mata ciko.

A hanyar dawowa ta hango mai alawa, ta fara jan mayafina. Na saya mata buroshi, na sayi asuwaki biyu, ɗaya nata ɗaya nawa. Ta turo baki. Sai na buɗe nawa bakin, na ce ta sa yatsa ta ƙirga haƙoran, ta gaya mini wanda babu.