Wutsiyar Ramboshi a Kwalba

Mantuwa ta yi mini alheri da yawa a rayuwa. Ta ɗauke mini sunayen shugabannin da na yi wa aiki da alkawuran da suka yi. Amma akwai wata safiyar Litinin da ta ƙi karɓa, kuma na san da ita za a kai ni kushewa.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, fastocin 'yan siyasa sun rufe bangon Ƙofar Sauri. Ni kuwa ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji a Katsina, ina jan digiri na uku da furfura a gemu. Bincikena a kan ramboshi ne, ɗan'uwan tarwaɗa, wanda a ƙuruciyata ake jera shi a Babbar Kasuwa, amma ya koma sai mai rabo. Abin da nake son sani shi ne, ragowar da ke ruwanmu gidaje ne da yawa, ko 'yan gida ɗaya ne ke ta auren juna har su ƙare? Amsar tana cikin ƙwayoyin gado, inda kowane gida ke da alamarsa kamar zanen fuska. Sai dai ma'aunin karanta alamomin ramboshi babu shi a inda hannuna zai kai. Na tarwaɗa ne ke akwai, wurin wata abokiyar karatuna a Kudu. Ta ce in kawo, za ta gwada rigar ƙane a jikin wa, ko za ta shiga.

Damina biyu na yi ina bin wani tsohon masunci. In an kamo ramboshi, sai in yanki ɗan gefen wutsiya in jefa a kwalbar tataccen sifirit, in mai da kifin ruwa. Masuncin yakan girgiza kai ya ce, "Malam, kihi a hannu ka saki, ka tahi da wutsiya? Allah ya sawwaƙe wa boko." Kwalba goma sha tara na tara.

Saura kwana uku in yi tafiya Kudu in kai su, ga Shari'a ta shigo, gari ya ɗauka ana neman masu ɓoye giya. Ina buɗe ɗakin gwaji da safiyar Litinin wani wari ya soki idona. Dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin tun kafin a ɗauke ni aiki yana tsaye yana murmushi, kwalabena jere a gabansa, an goge su tas.

"Baba, me ya sami kwalaben nan?"

"Na hid da kai kunya, Malam. Na shinshina, wallahi barasa ce. Da girmanka a kwantar da kai gaban ɗalibai? Na zubar, na cika maka da ruwan kwaɗi. Shekara talatin ban ga abin da ya ruɓe cikinsa ba."

Ruwan kwaɗi shi ne famalin, wanda muke jiƙa kwaɗi da macizai a ciki. Gaskiya ya faɗa, ba ya barin nama ya ruɓe. Rubutun gadon da ke cikin naman yake lalatawa, kuma tun Juma'a suke jiƙe.

Na zauna a kan benci. Ko faɗa ban iya ba. Ta ina za ka fara da mutumin da ke jiran godiya? Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Ya ce, "Amin, ɗiyana."

Na kai su haka nan, tare da kwalba biyu da na manta a aljihun jaka. Goma sha bakwai ba su ce komai ba. Biyun nan kuwa suka yi magana radau: rigar tarwaɗa ta shiga ramboshi. Amma ba a ƙidayar gari da mutum biyu. Damina ta uku na koma ruwa, masuncin ya jefa koma har kafaɗarsa ta gaji, ko ɗaya ba mu gani ba.

Na daɗe ina ɗora wa dattijon laifi a zuci, kafin na gane nawa ne. Na yi wa farfesoshi bayanin aikin nan da Turanci har muryata ta dishe, amma mutumin da nake gaisarwa kowace safiya ban taɓa ba shi minti biyar da Hausa ba. Tun daga ranar, kafin in buɗe wa manya baki, mai riƙe da makulli nake fara zaunarwa.