Sunan da Ake Kira a Challawa

Mun tashi da asuba bayan an idar da salla, ni da ɗana na uku, ƙasa tana jiƙe da ruwan da aka kwana ana yi. Ku da kuke zama a zaurena kun san dalilin tafiyar, amma zan maimaita saboda waɗanda za a karanta wa wannan daga baya. Yaron ya gama makarantar koyon sana'a, ya fito da shaidar aikin lantarki, sa'an nan ya dawo gida ya ɗauki fartanya, domin babu inda aka kira shi. Matarsa tana da ciki, shi kuwa ya soma maganar bin wasu samari zuwa Ikko. Na ce kafin ɗana ya je bakin teku ya yi dako, sai na kai shi Kano da ƙafata, inda na ƙarar da ƙuruciyata ina heluma a wata masaƙa ta Bompai, watau shugaban masu aiki a layin saƙa, inda kuma nake zaton sunana bai gama mutuwa ba.

Ana gobe za mu tashi, wani direba ya kawo mini saƙon baka daga taubashina Tanimu, wanda yake zaune a Ɗorayi. A zamaninmu Tanimu a ƙarƙashina yake. Aikinsa shi ne ya bi bayana da gwangwanin mai, inda na nuna ya ɗiga. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, kuma mun daɗe muna yi masa tsiya a kan haka, irin ta taubasai. Saƙon ya ce kada mu wahalar da kanmu, mu zarce Challawa mu nemi 'yarsa Saude, tana aiki a wata sabuwar masaƙa. Na yi wa direban godiya, na bar maganar a nan. Ban ga yadda heluma zai nema wa ɗansa aiki ta hannun 'yar mai gwangwani ba. Rabona da yarinyar tun tana rarrafe, kuma a raina na riga na yanke cewa iyakarta ninke atamfa ko raba magani a ɗakin jinyar ma'aikata.

Hanyar Ringim zuwa Kano ta yi kyau ga ido. Gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa. Sai dai kuɗin mota ya hau har fasinjoji suka kwashi rabin tafiyar suna zagin tsuke bakin aljihun da gwamnati ta kawo. A Gezawa muka tsaya karin kumallo, na ga ƙosai ya ƙanƙance har mutum na iya kora shi da ruwa kamar ƙwayar zazzaɓi. Mai tuyar ta ce laifin man gyaɗa ne. Muka sauka a 'Yankaba da hantsi, muka ɗauki tasi zuwa Bompai.

Na sa babbar rigata ta shadda domin wannan rana, na tsaya a ƙofar da na shiga sau babu iyaka. Maza sun yi cincirindo a bakinta suna jiran ko za a ɗauki na yini. Maigadin, wani Buzu mai rawani, ya tambaye ni wurin wa na zo. Na faɗi sunana da muƙamina na da. Ya dube ni da ladabi, ya ce ai mai wannan suna ba ya aiki a nan. Da ƙyar muka kai ga wani akawu, wanda ya saurare ni yana duba agogo, kana ya ce yanzu rage mutane ake yi, rabin injinan ma a kashe suke saboda rashin auduga da kayan gyara. Na saurara da kunnena, na kuwa tabbatar. A da idan ka tsaya a titin nan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ran nan har kukan kurciya na ji a kan rufin sito. Duk faɗin wurin mutum ɗaya ne ya shaida ni, wani tsoho mai shayi a gindin darbejiya, shi ma da sunan wani heluma dabam ya kira ni.

Muka sauka a gidan wani mutumin garinmu a Fagge. Ban je Ɗorayi ba, don kada Tanimu ya tambaye ni yadda aka yi.

Washegari muka nufi Sharaɗa. Wanda bai ga Sharaɗa da damina ba bai san taɓo ba. Manyan motoci sun tone titi, kwatoci suna gudu da ruwa shuɗi da ja daga gidajen rini, ko'ina ƙamshin sukari yana gauraya da ƙaurin roba. Muka bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, amsa iri ɗaya. Da azahar muka zauna a rumfar wata mai shinkafa da wake, sai ga mata sun fito hutu daga wani gidan alewa, yawancinsu mutanen kudancin Kaduna da na Jos, kowace da hular leda a kanta. Wata dattijuwa a cikinsu ta ga takardun yaron, ta yi masa fatan alheri, ta kuma gaya mana yadda abin yake a wurinsu. Su mata a kan yawan kwalin da suka cika ake biyansu, ran da inji ya tsaya sun tashi a banza. Mazan da ke tsaye kan injin kuwa albashin wata gare su, ya yi aiki ko bai yi ba. Ta ce ta fi shekara goma tana kallon injin nan, ko a barci ta san inda yake shaƙewa, amma ba a taɓa barin mace ta taɓa shi ba. Na jinjina kai kawai. A lokacin ban ga abin mamaki a ciki ba, haka muka taras, haka muka bari.

Da ƙofofin Sharaɗa suka ƙare, yaron ya ce, "Baba, ko mu gwada Challawan?" Na ce gobe za mu je domin kada a ce mun raina zumunci.

Challawa tana can bayan gari ta hanyar Panshekara, kusa da kogi. Tun kafin ka ga gini hancinka zai sanar da kai ka iso, saboda warin majemu. Masaƙar da aka kwatanta mana sabuwa ce fil, doguwa, kusan ba ta da tagogi. Na ce wa maigadi muna neman wata yarinya Saude. Ya ce mata suna da yawa, wace Saude? Na ce 'yar Tanimu. Sai mutumin nan ya miƙe tsaye daga bencinsa, ya buɗe mana ƙaramar ƙofa, ya ce, "Ai sai ku ce Tanimu, Alhaji. Bismilla." A nan na tuna al'adar kamfani, wadda ba ta canja ba tun zamanin Turawa. Ba a kiran ma'aikaci da sunan yanka, da sunan ubansa ake kiransa.

Aka ajiye mu a wani soro mai sanyi. Jim kaɗan sai ga mace ta fito cikin farar riga har gwiwa a kan atamfarta, da ɗankwali ɗaure tam. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na ji daɗin tarbiyyarta. Ganin farar rigar kuma ya tabbatar mini da zatona, domin a masaƙarmu ta da babu macen da ke sa farar riga sai mai jinya. Na ce, "Madalla, 'yata. Gwiwar nan ta dame ni tun Sharaɗa, ki samo mini man zafi a ɗakinku. In kin gama, ki kai mu wurin injiniyan da ke ɗaukar masu lantarki, ki ce masa tsohon heluma ne daga Bompai."

Ta sunkuyar da kai, na ga tana danne dariya. Ta ce, "Baba, man zafi sai na aika a karɓo wurin nas. Masu lantarki kuwa, ni ce nake gwada su."

Tana rufe baki sai lasifika ta yi ƙara a saman kanmu, aka yi magana da Turanci, aka maimaita da Hausa: ana neman Tanimu a layin tsakiya. Ta miƙe, ta dubi ɗana, ta nuna masa wani akwatin ƙarfe, ta ce, "Yaya, ɗauko mu je. Gwajin naka ke nan."

Na bi su a baya ina ɗingishi. Injinan nan ba irin namu ba ne. Mu da kunne da sifana muke gyara. Waɗannan kowanne yana da akwati a gefensa, cike da wasu faya-fayai kore masu siraran wayoyi, su ne ke gaya wa inji zanen da zai saƙa, su tsayar da shi in zare ya tsinke. Ta buɗe akwatin, maza huɗu masu shuɗin kaya suka ja da baya suka ba ta wuri. Ta sa yaron ya auna nan, ya auna can, tana yi masa tambayoyi cikin Turanci mai sauri. Ya yi kuskure sau ɗaya, ta buge masa hannu da bayan biro, a gaban ubansa. Ya gyara, inji ya tashi. Abin da ya ɓata mini rai ba bugun hannun ba ne. Da suka juyo, tana gaba yana biye da akwati a hannu, daidai yadda ubanta ya yi shekaru yana bin bayana da gwangwani. Saura kaɗan in ce masa ya ajiye mu tafi. Na tuna matarsa da cikinta, na tuna Ikko, na haɗiye maganar.

Ta ce ya ci gwaji, ya zo ranar Litinin. Sa'an nan ta kai mu ɗakin aikinta, inda sanyi ya fi na randa, wai saboda faya-fayan ba sa son zafi. Mu da muka yi shekaru muna zufa a cikin ƙurar auduga ba wanda ya taɓa tambayarmu ko muna son zafi. Aka kawo mini lemo a kan faranti. Ina sha ina lissafin irin albashin da mai wannan ɗaki za ta ɗauka, zuciyata tana tafasa. Na kasa daurewa, na ce lalle ubanta ya huta.

Ta yi murmushin da ba na jin daɗi ba. Ta ce, "Baba, in Allah ya kai mu baɗi, Yaya zai fi ni ɗauka." Ta bayyana mini dalili. Doka ta hana mata aikin dare a masana'anta, don haka ba ta da kuɗin dare. Ba a kuma ɗaga mutum zuwa shugaban sashe sai ya zagaya safe da yamma da dare, ita kuwa an rufe mata ɗaya daga ciki. Kuɗin gida ma ba a ba matar aure irinta, wai mijinta ne zai ba ta ɗaki. Ta nuna mini faya-fayan da aka tara a gefen teburinta, ta ce na masu aikin dare ne, abin da ya gagare su suke ajiye mata ta gyara da safe. Ta leƙa ta taga ɗaya tilo da ke ɗakin, ta nuna wata farar mota a inuwa. "Mai wannan ni na koya masa riƙon ƙarfen liƙi. Yanzu shi ke sa mini hannu in zan tafi hutu. Ni kuwa bas nake bi." Na dubi idonta, na ga abin da ke cina shi ke cinta, sai dai nata yana da hujja.

Da la'asar muka isa Ɗorayi. Na taras da Tanimu a kan tabarma a ƙofar gida, haƙora sun zube, yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "A'a, heluma da kansa. Na ji an ce Bompai ta yi maka shimfiɗa, har da jiniya."

Na ce, "Rufe bakinka, mai gwangwani. An ɗauki yaron. Kuma ka sani, kafin shekara ta zagayo zai fi 'yarka albashi."

Na faɗi haka ne domin in soke shi, ya kuwa ji, domin hannunsa ya tsaya a kan gyaɗar. Sa'an nan ya ce, "Allah ya sa masa albarka, ya fi ta sau goma. Amma da kuna can, in inji ya tsaya, wa ka ji ana kira?"

Aka kawo tuwo da miyar kuɓewa, muka ci a kwano ɗaya.

Washegari na bar yaron a wurin Tanimu, na kamo hanya ni kaɗai. Kafin mu rabu na ja shi gefe, na ce in an zo rubuta shi ya tabbata an sa sunana cikakke, kada a gutsure. Na iso gida da magariba, ruwa yana yayyafi, gwiwa ta kumbura, man zafin da aka karɓo mini wurin nas yana aljihu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗin faɗa. Mu mutanen inji a kan abu ɗaya muka tashi, cewa hannun da ya tayar da inji shi ya cancanci lada. Tsarin da zai sa almajirin sana'a ya fi mai koya masa ɗauka don kawai shi namiji ne, karkatacce ne, ina kuwa faɗin haka alhali gidana ne zai ci moriyarsa, kuma ban ce wa yaron ya ƙi karɓa ba. Na zauna a ɗakin aikinta ina jin haushin albashin yarinyar, na taras na ɗana zai fi nata, amma haushin bai ragu da ƙwayar gero ba. Masu tambayata me Tanimu yake yi a Kano, ga amsa: ba ya yin kome, yana zaune a tabarma yana ɓare gyaɗa, sunansa kuwa yana can Challawa yana aiki, daga safe har yamma ana kiransa a lasifika. Ni da na tara zaratan maza ina nan a zaure, na kasa kunne ta wajen yamma inda Kano take, ina jiran ran da za a kira nawa.